Injin keken lantarki: tsakanin QS205 da MXUS 3K Turbo, kuma wane naɗin waya ya dace da batir mai bolt 72?

Habibu Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina haɗa keken lantarki da batir mai ƙwayoyi layi 20 a jere, wato bolt 72 da ke kaiwa 84 idan ya cika, da kwanturola (na'urar da ke sarrafa wutar da ke shiga inji) ta Sabvoton da ke jan amfiya 80 daga batir. Injin cibiyar taya nake so, kuma hankalina ya rabu tsakanin QS205 da MXUS 3K Turbo. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne naɗin wayar, domin ana sayar da kowannensu a 3T da 4T da 5T, masu sayarwa kuma suna cewa 3T na gudu ne, 5T na hawan tudu. A Jos nake zaune, inda hawa ya yi yawa, kuma kilomita 70 a awa ya ishe ni. Shin 5T ya kamata in ɗauka?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Maganar masu sayarwa tana da gaskiya rabi. Lambar da ke tare da harafin T tana nuna sau nawa aka zagaya wayar tagulla a kan kowane haƙori na ƙarfen cikin injin, kuma tun da ramin da ake cusa wayar girmansa ɗaya ne, duk injin da aka rage wa zagaye sai an ƙara masa yawan siraran wayoyin da ke tafiya tare, ta yadda nauyin tagullar zai zo kusan daidai. Abin da ke haifar da ƙarfin ja shi ne yawan zagaye a ninka da amfiyar da ke ratsa koyil, wato naɗin tagullar, wadda ta bambanta da amfiyar da kwanturola ke ja daga batir. Saboda haka 4T da aka ba amfiya 150 da 3T da aka ba amfiya 200 duk 600 suke bayarwa, ƙarfin jansu ɗaya, zafin da suke haifarwa a cikin tagulla ma ɗaya, muddin cikar tagullar ta zo daidai.

Inda suka bambanta shi ne abin da kowanne ke nema daga batir da kwanturola. MXUS mai 4T yana juyawa kamar sau 9 a minti ga kowane bolt, mai 3T kuma kamar sau 12. Idan ka lissafa da bolt 72 a kan taya mai inci 26, na farko zai kai kusan kilomita 80 a awa idan an ɗaga tayar sama tana juyawa ba nauyi, na biyu ya haura 100, a kan titi kuwa sai ka cire kamar kashi ɗaya cikin biyar. Ka ga ke nan 5T, wanda bai wuce sau 7 da ɗoriya ba, zai tsaya maka a wajen kilomita 50, kuma ba zai sa injin ya fi jure hawa ba. Kamfanin Grin Technologies na birnin Bankuba a Kanada yana da na'urar gwaji kyauta a shafinsa na intanet, inda za ka saka nauyinka da girman taya da tsananin hawan tudu, ka ga inda injin zai fara zafi fiye da kima.

Malam Isiyaku Mai Rewaya:
Injiniya ya faɗi lissafi daidai, sai dai ina so in ƙara abin da muke gani idan mun buɗe inji. Amfiya 200 ɗin nan da 3T ke buƙata dole ta bi ta wayoyi uku da ke fitowa ta cikin aksul, wato ƙarfen tsakiyar taya, kuma ramin aksul ƙarami ne, don haka sau da yawa robar wayoyin ce ke narkewa tun koyil bai ƙone ba. Haka nan cikar tagulla ba ta cika zuwa daidai tsakanin naɗi da naɗi, shi ya sa yana da kyau ka tambayi mai sayarwa yawan siraran wayoyin, ka ninka da zagayen, ka ɗauki wanda jimillarsa ta fi. Ni dai ban ga dalilin sayen 3T ba ga wanda bai tanadi babbar kwanturola ba.

Habibu Tudun Wada:
Na gode, Allah ya ƙara basira. To tsakanin injinan biyu fa?

Injiniya Bala:
QS205 na fi ba ka shawara, mai 4T. Faɗin maganaɗisunsa milimita 50 ne, na MXUS kuma 45, tagullarsa ta fi yawa, aksul ɗinsa da wayoyinsa sun fi kauri, saboda haka yana ɗaukar lokaci kafin ya yi zafi a kan doguwar hawa. Ka lura cewa 4T na QS ya fi 4T na MXUS saurin juyawa, domin lambar ba ta fassaruwa daga wani kamfani zuwa wani, sai ka nemi adadin juyi ga kowane bolt a rubuce kafin ka biya kuɗi. Laifinsa nauyi ne, kuma nauyin da ke cikin taya shi ne ke sa keke ya riƙa dukan ramuka da ƙarfi. QS273 ya fi shi girma, amma wannan ya fi dacewa da firam ɗin babur.

Abin da zai taimake ka a tudun Jos fiye da sauya naɗi shi ne rage girman taya. Idan aka ɗaura injin a wilin babur mai inci 17 ko 19 da sifoki masu kauri, zai riƙa juyawa da sauri a gudu ɗaya, ya hau tudu da ƙarancin amfiya. Ka haɗa wayar auna zafi da kwanturola domin ta rage wuta da kanta idan koyil ya doshi digiri 120, tun da zafi mai yawa yana raunana maganaɗisu raunin da ba ya gyaruwa. Kada kuma ka hau shi sai ka ɗaure aksul da ƙarfen riƙo mai kauri a ɓangarori biyu, domin wannan ƙarfin yana iya buɗe bakin firam, aksul ya juya ya tsinke wayoyi.

Malam Isiyaku Mai Rewaya:
Idan ka rage taya, ka sake lissafin gudun da sabon kewayenta kafin ka yi oda. Birkin keke na roba kuma ba zai tsayar da wannan nauyin a gangara ba, sai ka nemi na faifai mai aiki da mai, gaba da baya.