Zanen yana fitowa a RStudio, amma Knit ya ƙi aiki

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina aji biyu a jami'a, kuma an ba mu aikin gwaji na farko a kwas ɗin ƙididdiga, wato mu zana bayanan tsawo da nauyin ɗalibai da ggplot2 (kayan zane na R, harshen kwamfuta na ƙididdiga), mu miƙa fayil ɗin R Markdown, wanda ke haɗa rubutu da umarnin R, ranar Alhamis. Idan na gudanar da layukan umarnin ɗaya bayan ɗaya a RStudio, manhajar da muke rubuta R a cikinta, zanen yana fitowa lafiya ƙalau, amma da zarar na danna Knit, maɓallin da ke mayar da fayil ɗin cikakken rahoto, sai jan rubutu ya bayyana cewa ba a ga bayanan ba. Kwana biyu ke nan ina fama. Don Allah ina na yi kuskure?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ina kyautata zaton ta maɓallin Import Dataset kika shigo da bayanan. Shi Knit sabon zama yake buɗewa, wanda bai san komai daga abin da kika yi da hannu ba, sai abin da ke rubuce cikin fayil ɗin. Saboda haka ki sa library(ggplot2), mai kiran ggplot2, da read.csv, mai karanto fayil ɗin bayanai, a farkon fayil, amma ban da install.packages, mai sauke ggplot2 a kwamfuta, domin wannan sau ɗaya ake yin sa a gefe. Ki ajiye fayil ɗin bayanai a folda ɗaya da na R Markdown, ki rubuta sunansa kawai, domin doguwar hanyar da ta fara da C:/Users ba za ta buɗe a kwamfutar malaminku ba. Idan an yarda da HTML ki zaɓe shi, tunda PDF sai da wata manhaja mai suna LaTeX.

Amsa ta biyu:
Malama, idan ya gyaru, kada ki tura zanen ba tare da kin rubuta santimita da kilogiram a gefensa ba, sannan ki zauna ki dube shi da idon basira. A 1973 masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya kawo rukunin bayanai huɗu, kowanne mai ɗigo 11, waɗanda matsakaicinsu da dangantakarsu kusan ɗaya ne, amma zanensu ya sha bamban ƙwarai. Suna nan cikin R da sunan anscombe. Ni a aikina na bara, zanen ne ya nuna mini ɗalibi mai nauyin kilo 650, ashe sifili ne ya ƙaru wajen shigarwa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Layin read.csv ne babu, kuma yanzu ya fito. Zan tura da daren Laraba, tun kafin intanet ɗin makaranta ya cunkushe.