Muhawara: Shin Biyan Ɗalibai 'Yan Wasa Ne Ya Kashe Ƙwallon Jami'a a Amurka?

Kawu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Maganar da zan ajiye a gabanku ita ce, biyan ɗalibai kuɗi ya kashe ƙwallon jami'a a Amurka, kuma abin da ya saura a yau gasar ƙwararru ce da aka sanya wa rigar makaranta. Ina nufin ƙwallon nan tasu ta kwalkwali, wadda ake runguma a ruga da ita. A ranar 6 ga Yunin 2025, mai shari'a Claudia Wilken ta wata kotun tarayya a jihar Kalifoniya ta amince da sulhu a ƙarar da ake kira House, sunan ɗan wasan ninƙaya Grant House da ke cikin waɗanda suka shigar da ita. Bisa wannan sulhu, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA da manyan rukunonin gasa za su biya diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara 10 ga waɗanda aka hana su samun kuɗi a baya, sannan daga 1 ga Yulin 2025 kowace jami'a tana iya raba wa 'yan wasanta kuɗi kowace shekara, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Tun kafin a kai nan ma mun ga alamar inda aka dosa, domin a watan Afrilun 2025 Nico Iamaleava, jagoran wasan jami'ar Tennessee, ya ƙaurace wa atisaye a daidai lokacin da ake ruwaito taƙaddama kan kuɗinsa, daga bisani ya koma jami'ar UCLA. Yaron da ke ciniki da makarantarsa irin wannan ciniki ya daina zama ɗalibi, kuma magoya bayan da suka gaji son wata jami'a daga iyayensu ba su da tabbacin cewa wanda suka tafa wa bana yana nan baɗi.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam, Kawu. Allah ya ƙara girma, amma ina ganin an ɗora laifin a kan wanda ya zo ƙarshe a layi. Kuɗi sun daɗe da shiga wannan wasa, ɗalibin ne kaɗai aka ce kada ya taɓa. Tun 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙwace wa NCAA ikon sarrafa haƙƙin nuna wasannin a talabijin, bayan ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Jojiya suka kai, kuma daga ranar jami'o'i suka shiga kasuwa da ƙafar dama. A 2022 rukunin Big Ten ya sayar da wasanninsa ga tashoshin Fox da CBS da NBC a kan kusan dala biliyan 7 na shekara 7. A 2024 kocin Jojiya, Kirby Smart, ya samu kwangilar dala miliyan 13 a shekara. Da jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher a Nuwamban 2023, sai da ta ɗauki nauyin biyansa fiye da dala miliyan 75 don kawai ya tafi. Filin jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. Duk tsawon waɗannan shekaru ba mu ji an ce wasan sha'awa ya mutu ba, sai ranar da aka ce a sam wa yaron da ake karya ƙashinsa. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kawu:
Ban musanta yawan kuɗin ba, Baban Khalifa, amma kada mu manta cewa yaron ba aikin banza yake yi ba. Ana ɗauke masa kuɗin makaranta da masauki da abinci da littattafai, a ƙasar da miliyoyin matasa ke gama jami'a da bashi a wuya. Digirin da ya samu kyauta zai bi shi har tsufa, alhali waɗanda ke tsallakawa zuwa gasar ƙwararru ta NFL ba su kai kashi 2 cikin 100 ba.

Maman Ihsan:
Kawu, ka yi mini izini in faɗi abin da na gani da idona, domin na yi aikin taimaka wa malami a wata jami'a a can lokacin da nake karatun digiri na biyu, kuma akwai 'yan wasa a ajin da nake duba musu aiki. Akwai wani yaro da ba na mantawa da shi. Ajin ƙarfe 8 na safe ne, shi kuwa tun 5 da rabi yana ɗakin ɗaga ƙarfe, sai ya shigo da ƙullin ƙanƙara an ɗaure masa a gwiwa da leda, ruwan yana ɗiga a kan takalminsa har ya yi ɗan tabki a ƙarƙashin kujera. Ba ya rashin kunya, ba ya fashi sai ranar tafiya wasa, amma kafin a yi rabin darasi barci ya sace shi, biro na hannunsa. Ya taɓa gaya mini cewa injiniya yake son karanta, sai aka nuna masa cewa lokutan shiga ɗakin gwaji za su ci karo da atisaye, aka tura shi wani fanni mai sauƙi. A shagon littattafai na makarantar kuwa ana rataye da riguna masu lambarsa, ana sayarwa, kuma a dokar wancan lokaci ko kwabo ba zai shiga aljihunsa ba, ko abinci wani mai shago ya ba shi kyauta saboda sunansa, yana iya jawo masa dakatarwa.

Saboda haka idan aka ce ilimi ne ladansa, ni tambayata ita ce wane irin ilimi, kuma wa ya zaɓa masa. A takarda, dokar NCAA ta ce kada wasa ya ci wa ɗalibi fiye da awa 20 a mako. A zahiri kuwa, idan aka haɗa tafiye-tafiye da kallon bidiyon abokan karawa da jinyar rauni da atisayen da ake cewa na ganin dama ne, aikin ya fi na cikakken ma'aikaci. Na san akwai waɗanda suka yi karatu mai kyau duk da haka, kuma ina jinjina musu, amma ba zan iya kallon wancan yaro in ce an biya shi haƙƙinsa ba.

Barista:
Ina so in ƙara wa maganar Maman Ihsan ƙarfi ta fuskar shari'a. Laƙabin nan na "ɗalibi ɗan wasa" da NCAA ke taƙama da shi, babban daraktanta na farko Walter Byers ya amsa daga baya cewa an ƙirƙire shi ne don kada kotu ta ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikata masu haƙƙin diyya. A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison ya rasu bayan buguwa a kai yana yi wa kwalejin Fort Lewis ta jihar Kolorado wasa, matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, Kotun Ƙolin jihar ta hana ta. A kan irin wannan tubali aka gina abin da Kawu yake jimamin rushewarsa.

Kuma ba 'yan wasa ne suka rushe shi da ƙarfin tsiya ba, kotuna ne suka yi ta samun sa da saɓa wa dokar hana haɗa baki a kasuwa. Ed O'Bannon, wanda ya ci kofin ƙwallon kwando da UCLA a 1995, ya ga kamanninsa a wasan bidiyo ba da izininsa ba, ya kai ƙara a 2009, ya yi nasara a 2014. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli duka 9 suka yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston, har mai shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa hukumar ba ta fi ƙarfin doka ba. Kwana 10 bayan haka, a 1 ga Yuli, aka ƙyale 'yan wasa su ci moriyar sunansu da hotonsu ta hanyar talla. Hukumar ta samu shekaru masu yawa da za ta yi gyara cikin tsanaki, ta ƙi, sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Kawu:
Na karɓi tarihin, Barista, kuma labarin yaron nan ya taɓa ni. To amma ku dubi abin da ya biyo baya. Attajiran magoya baya suka kafa asusu suna sayen 'yan wasa da sunan talla, har daraktan wasannin jami'ar jihar Ohio ya faɗa da bakinsa cewa tawagarsu ta 2024 ta samu kusan dala miliyan 20, kuma ita ce ta ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2025. Ta yaya ƙaramar jami'a za ta ja da wannan? Rukunin Pac-12, mai tarihin fiye da shekara 100, ya watse, jami'o'i 10 cikin 12 suka fice a 2024.

Baban Khalifa:
Watsewar Pac-12 hujjata ce, Kawu, ba taka ba. Shugabannin jami'o'i ne suka bi kuɗin talabijin, babu ɗan wasa ko ɗaya da aka nemi shawararsa. Su ne suka kai jami'o'in Stanford da Berkeley, da ke gaɓar tekun Pasifik, cikin rukunin gaɓar Atlantika, yadda yarinyar da ke wasan ƙwallon raga za ta yi tafiyar kusan kilomita 4,000 a tsakiyar zangon karatu. Batun rinjayen masu kuɗi kuwa ya girmi wannan tsari, domin a zamanin da ba a biyan 'yan wasa, jami'ar Alabama ta ci kofin ƙasa 6 a hannun kocinta Nick Saban. Sabon tsarin ma ya buɗe wata ƙofa: jami'ar Indiana, wadda ta yi shekaru tana shan kashi, ta tattaro 'yan wasa masu sauya sheƙa a 2024 ta shiga gasar fitar da gwani ta ƙungiyoyi 12.

Auta:
Iyayena da yayyena, ku gafarce ni in shigo da wani ɓangare da ban ji an taɓa ba, kuma a nan ina ganin damuwar Kawu tana da tushe, ko da ban yarda da dalilinsa ba. A yawancin manyan jami'o'i ƙwallon nan da ƙwallon kwando ta maza ne ke kawo riba, da ita ake ciyar da guje-guje da ninƙaya da kokawa da sauransu. Yanzu an ce a fitar da kuɗi kowace shekara, har dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kuma jami'o'i da dama sun bi lissafin da ke ba ƙwallon Amurka kusan kashi 75 cikin 100. Idan aljihu ya matse, ba albashin koci za a fara yankewa ba, ƙananan wasanni za a fara dubawa. Mun ga irin haka a 2020, da Stanford ta sanar da soke wasanni 11, sai da aka yi mata ca kafin ta janye a 2021.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tobi Amusan 'yar Najeriya, wadda ta kafa tarihin duniya na gudun tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a 2022, a jami'ar Texas da ke El Paso ta goge, haka ma Blessing Okagbare kafin ita. Guraben da irinsu suka bi su ne ke cikin haɗari. Ga kuma ɗaliban ƙasashen waje da ke kan bizar karatu, waɗanda dokar shige da fice ta takura musu yin aikin kuɗi, don haka abokin wasansu ɗan ƙasa yana sa hannu a kwangilar talla, su kuwa suna tsoron kada dala ɗaya ta jawo musu asarar biza. Ina tsoron kada a yi kashin dankali, a gyara wa na sama a danne na ƙasa.

Maman Ihsan:
Auta ya faɗi gaskiya, kuma mata suna cikin na ƙasan. Dokar 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ita ce ta gina wasannin mata a can, shi ya sa wasu 'yan wasa mata suka ɗaukaka ƙara a kan yadda aka raba diyyar, kwanaki kaɗan bayan amincewa da sulhun. Sai dai ban yarda a ce maganin wannan shi ne a koma hana yaran ƙwallo haƙƙinsu ba. Ba daidai ba ne a ce gwiwar wani talaka ce za ta ɗauki nauyin dukkan wasannin makaranta, alhali ana gina wa kociyoyi ofisoshi kamar fada. Idan jami'a ta yarda cewa ninƙaya da guje-guje ɓangare ne na tarbiyya, to ta biya daga asusunta kamar yadda take biyan ɗakin karatu.

Kawu:
To ku gaya mini, ina makomar wanda ke son wasa don wasa? Sulhun ya ƙayyade tawagar ƙwallo a mutum 105, alhali da can manyan jami'o'i suna riƙe fiye da haka saboda ɗaliban da ke shiga da kansu ba tare da tallafi ba, don kawai su sa rigar makarantarsu. Waɗannan su ne 'yan sha'awa na haƙiƙa, kuma su ne aka rage wa wuri.

Barista:
Wannan asara ce ta gaske, Kawu, har mai shari'a Wilken ta jinkirta amincewa sai da aka sassauta wa waɗanda suke cikin tawaga a lokacin. Amma wasan sha'awa yana nan da ransa a inda ba a mayar da shi haja ba. Jami'o'in rukunin Ivy, irin su Harvard da Yale, ba sa ba da tallafin karatu saboda wasa kuma sun ƙi shiga tsarin rabon kuɗin, sannan akwai kwalejoji fiye da 400 a mataki na uku na NCAA da ke wasa ba tare da tallafin wasa ba. Abin da ya sauya shi ne 'yan dozin ɗin jami'o'in da ke sama, kuma matsalarsu a yanzu ita ce suna biyan mutane ba tare da sun amsa cewa ma'aikata ne ba. Wa ya wakilci ɗan wasa lokacin da aka yanka iyakar miliyan 20.5? Da izinin wa aka ce duk kwangilar talla da ta kai dala 600 sai an kai ta gaban masu tantancewa? A NFL akwai iyakar albashi da dokar sauya ƙungiya, kuma kotu ba ta rushe su saboda ƙungiyar 'yan wasa ce ta zauna ta amince, ta karɓi fansho da kulawar lafiya a madadinsu. 'Yan ƙwallon kwando na kwalejin Dartmouth sun kaɗa ƙuri'a 13 da 2 a Maris ɗin 2024 don kafa ƙungiyar ƙwadago, amma suka janye a ƙarshen shekarar. Muddin babu irin wannan zama, kowace sabuwar doka za ta koma gaban alƙali, kuma sauya sheƙar da ke damun Kawu ba za ta tsaya ba, domin kwangila mai ɗaure ɓangarori biyu ce kaɗai ke tsayar da ita.

Kawu:
Na sauka daga cewa ɗalibai ne suka kashe wasan, domin kun nuna mini cewa shugabanni sun riga su. Amma ban sauka daga cewa an yi asarar wani abu ba, kuma idan har za a kira su ma'aikata, ina so in ji amsar wannan: ma'aikaci ana iya korarsa idan aikinsa ya ja baya. Yaron da Maman Ihsan ta ba mu labarinsa, idan gwiwar nan ta ƙi warkewa a shekararsa ta biyu, wace takarda ce za ta tabbatar masa da kujerarsa a aji har ya gama, kuma wa zai biya masa kuɗin asibiti bayan shekara 15?