Za a sauke ajin rafin unguwarmu: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna Amurka. Ina neman wanda ya taɓa shiga irin halin da muke ciki ya ba ni labarin yadda tasu ta kaya. Muna zaune a wani ƙaramin gari a tsakiyar ƙasar, akwai ɗan rafi da ya ratsa ta bayan filin wasan yara na unguwarmu. An liƙa sanarwa a ofishin gari cewa hukumar muhalli ta jiha tana son sauya masa aji, daga ruwan da ake shiga a yi wanka da iyo zuwa ruwan da ake tsoma ƙafa ko a jefa fatsa kawai. Hujjarsu ita ce ba shi da zurfi. Gaskiya ne, babba ba ya wuce masa gwiwa. Amma duk lokacin zafi yaranmu da na maƙwabta a ciki suke yini, su zauna a ruwan, su watsa wa juna, ƙaramar tawa har kurɓa take yi. Ga shi bututun matatar ruwan ƙazanta ta gari yana zubowa can sama da mu kaɗan. Me sauyin nan zai jawo mana? Ko an riga an gama magana ne?

Injiniya Bala:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba a gama ba tukuna. Irin binciken da ake dogara da shi a sauke ajin rafi, wanda suke kira UAA, yana cikin aikin da nake ci da shi, don haka bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Tun Dokar Tsaftar Ruwa ta 1972, kowace jiha sai ta rubuta abin da kowane ruwa nata yake wa amfani: sha ne, wanka ne, zaman kifi ne, ban ruwa ne. Daga wannan rubutun ake ciro iyakar ƙazantar da aka yarda ta shiga ruwan, daga iyakar kuma ake rubuta lasisin duk mai bututu. Ruwan wanka, ma'aunin hukumar kare muhalli ta tarayya, EPA, shi ne kada matsakaicin ƙwayoyin E. coli, waɗanda ake samu a kashi, ya wuce 126 a mililita 100. Da zarar an sauke shi zuwa aji na biyu, wato na tsoma ƙafa da fatsa, jihohi irin su Wyoming da Texas suna ƙyale har 630. Ninki biyar ke nan. A wurare da yawa ma'anarsa ita ce matatar gari ba sai ta kashe kuɗi wajen kashe ƙwayoyin cuta kamar da ba. Rafin ba zai sauya kama ranar da aka sa hannu ba, lasisin da za a sabunta nan gaba ne zai sassauta.

Dalilai shida kacal doka ta yarda a sauke aji a kansu, kuma wanda aka fi kawowa a kan ƙananan rafuka shi ne ƙarancin ruwa. Yadda muke yi, mu je da sandar awo mu auna zurfi a wurare daban-daban, mu duba ko akwai igiyar lilo a bishiya, sawun ƙafa, tokar wuta, zaren fatsa, hanyar da ƙafa ta taka har bakin ruwa, sannan mu tambayi wanda muka tarar. Raunin aikin a nan yake. Ma'aikaci yana zuwa ne ranar aiki da hantsi, yara suna makaranta, iyaye suna wurin nema. Sai ya rubuta bai ga kowa ba, kuma bai yi ƙarya ba. Sandar awo kuwa da babban mutum aka tsara ta. A Missouri an daɗe ana duba ko akwai inda ya kai mita ɗaya, ko matsakaicin zurfin ya kai rabin mita. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya buƙatar mita ɗaya kafin ruwa ya shiga bakinsa.

Abin da za ki riƙe da hannu biyu shi ne wannan: duk amfanin da ruwa ya tabbata yana yi daga 28 ga Nuwamba 1975 zuwa yau, doka ta hana a cire shi. Jihohi suna jayayya a kan me ake nufi da ya tabbata, musamman idan ruwan dama bai da tsafta, amma na ga rahoto ya juya saboda hotuna kaɗan masu kwanan wata da wasiƙun maƙwabta.

Baban Sadiq:

Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ku bari in kawo ɗaya ɓangaren, don ni a matatar ruwan ƙazanta nake aiki. Garin da na fara aiki ƙauye ne sosai, yawancin mutanensa tsofaffi ne masu cin fansho. Tafkuna ne kawai muke tara ƙazanta a ciki rana da iska su yi aikinsu. Rafin da muke zubawa, daga watan Yuli in ba ruwanmu ba babu ko ɗigo a cikinsa, kuma ya bi ta tsakiyar gonakin masara ne, waya ta kewaye shi hagu da dama. A takarda kuwa ruwan iyo ne, domin jiha ta yi wa rafuka kuɗin goro ba tare da wani ya je ya duba ba. Aka ce sai mu sa fitilun UV ko kilorin don kashe ƙwayoyin cuta, ga kuma sabon ma'aunin amoniya da EPA ta fitar a 2013 saboda kare katantanwa da dangoginta, shi ma yana tafe. Na zauna a taron da wata tsohuwa ta miƙe da takardar kuɗin ruwanta a hannu tana rawa, ta ce in aka ƙara ba ta san abin da za ta rage ba, magani ko wuta. Ban manta da fuskarta ba.

An yi binciken, an sauke ajin, kuma har gobe ina ganin daidai aka yi. Ba kowane mai neman sauyi ne azzalumi ba. Sai dai namu rafin babu yaro a cikinsa. Naki, Maman Hanifa, yana bayan filin wasa. In da a gabana aka kawo shi, ni da nake cikin aikin zan fara cewa a'a.

Maman Hanifa:

Allah ya saka da alheri, ku duka. Baban Sadiq, ni ma kuɗin ruwan nan ina biya, na san zafinsa. Injiniya, hotunan waya sun isa, ko sai an samo lauya?

Hadiza 'Yar Damagaram:

Anti, kafin Injiniya ya dawo bari in ba ki namu. Ina karatu a Laramie lokacin da jihar Wyoming ta yi nata a 2014. Su ba rafi ɗaya suka ɗauka ba. Taswirar kwamfuta aka yi amfani da ita, aka ce duk rafin da matsakaicin gudunsa bai kai ƙafa kubik shida a sakan ba, kuma yana nesa da gari ko sansanin masu yawon buɗe ido, a mayar da shi aji na biyu. Kimanin kashi uku cikin huɗu na tsawon rafukan jihar suka faɗa ciki. Mutane da yawa ba su ji labari ba sai bayan an yanke.

Ni abin ya taɓa ni ne ta wata hanya da ba na jin mai zana taswirar ya yi tunaninta. In mun hau duwatsu da ɗalibai 'yan'uwana, a waɗannan 'yan ƙoramun muke alwala. Mu kurkure baki, mu shaƙa a hanci, mu wanke fuska. Ruwan da bai rufe idon sawu ba, amma ya shiga bakina sau uku a kowace alwala. Masu tafiyar ƙafa a daji su ma a ciki suke tsoma kai in zafi ya dame su. Can kuma ba bututu ne babbar matsalar ba, kashin shanu ne da ke kiwo a filayen gwamnati, shi ya sa makiyaya da hukumomin gundumomi suka goyi bayan sauyin. Su ma suna da hujjarsu, wasu kwaruruwan a bushe suke kusan duk shekara.

Ƙorafi ya yi yawa, har makarantar NOLS da ke Lander, wadda ke kai ɗalibai daji, ta sa baki. Dole aka kira zaman jin ra'ayin jama'a a Casper a 2015. Na aika tawa wasiƙar, na bayyana yadda ake alwala dalla-dalla, don na san mai karantawa bai sani ba. A 2016 aka fito da gyararren tsari, aka maido da rafukan cikin dazuzzukan da doka ta keɓe zuwa ajin wanka, EPA ta amince a 2017. Yawancin sauran dai sun zauna a aji na biyu. Ba mu samu duka ba, amma abin da aka maido, surutun mutane ne ya maido shi.

Malam Lawal:

Ni tawa ta sama ce, ba ta ƙasa ba. A Pennsylvania kowane mutum yana iya shigar da takardar roƙo ga majalisar kula da ingancin muhalli ta jiha a ɗaga ajin rafi, zuwa mai inganci ko zuwa na musamman, wanda shi ne ƙololuwa. Wani abokin aikina mai son kamun kifi ya ja ni cikin ƙungiyar unguwa da ke kula da wani rafi mai sanyi. Aikinmu mu shiga da raga, mu tayar da duwatsu da ƙafa, mu tattara 'yan ƙwarin da ke maƙale a ƙarƙashinsu. Akwai jinsunan da ba sa rayuwa sai a ruwa mai tsafta da wadatar iska, ganinsu da yawa shi ne shaidar da hukuma take aunawa. Na taso a Kano ina ganin abin da ruwan masana'antun Bompai ya mayar da Getsi da Jakara, don haka ranar da na ga ƙwarin nan suna motsi a faranti sai da jikina ya yi sanyi.

Abin yana cin shekaru, kada wanda ya ruɗe ku. Masu filaye da masu gine-gine sun yi adawa, don ajin sama yana tsaurara lasisi. Abin da ya taimake mu shi ne, da ma'aikatan jiha suka zo suka tabbatar da ingancin ruwan, an sa shi a jerin amfanin da yake akwai, aka fara duba sababbin lasisi da wannan ma'aunin tun kafin a kammala sauya dokar.

Hajiya Rabi:

Mu namu an sauke shi. Sanarwar ta fito a can ƙarshen jarida cikin ƙananan rubutu, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa, sai bayan an rufe karɓar ra'ayi labari ya iso unguwa. Wani dattijo maƙwabcinmu da aka haifa a garin yana da hotunan 'ya'yansa suna wanka a wurin tun suna ƙanana, ba wanda ya tambaye shi. Bayan shekaru biyu aka kafa allo a bakin gada ana gargaɗin kada a shiga ruwan. Yara kuwa ba su daina shiga ba, mu ne dai muka koma gadi. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan: a takarda an ce ba sa shiga, a zahiri suna ciki, kariyar ce kawai aka janye.

An gaya mana duk shekara uku jiha sai ta sake duba ƙa'idojin ruwanta, har da rafukan da aka sauke, in akwai sabon bayani. Muna tara namu. Amma hawa ya fi sauka wuya nesa ba kusa ba, ƙanwata. Ki yi naki yanzu da ƙofa take buɗe.

Injiniya Bala:

Hajiya Rabi, Allah ya ba ku sa'a. Maman Hanifa, ba sai da lauya ba. Hotunan waya sun isa, in dai akwai kwanan wata kuma ana gane wurin, kamar gada ko allon filin wasan ya fito a ciki. Ki rufe fuskokin yaran, don duk abin da aka miƙa yana zama takardar da kowa zai iya gani.

Ki fara neman rahoton binciken kansa, haƙƙinki ne. Ki duba wace rana suka zo, ƙarfe nawa, a ina suka auna, wa suka tambaya. Sau da yawa za ki tarar sun tsaya inda mota ke iya tsayawa, ba su gangara inda ruwa ya taru ya yi 'yar kududdufi ba. Sai ki rubuta abin da kika gani da kalmomi a fili: yara nawa, shekarunsu, wane wata, suna nutsa kai ko ba sa nutsawa. Kowane gida ya rubuta tasa da hannunsa, wasiƙa goma mabambanta sun fi takarda ɗaya mai sa hannu hamsin nauyi a wurin mai tantancewa. Ki nemi tsofaffin gari da malaman makaranta da ke kai ɗalibai wurin. Ki kuma duba inda rafin yake faɗawa, domin doka ta wajabta a kiyaye ruwan da ke ƙasa. In tafki ne ko kogin da ake iyo, wannan hujja ce ta daban.

Zaman jin ra'ayi dole ne, kuma bisa ƙa'idar tarayya ana ba da sanarwarsa kwana 45 kafin ranar. Ki je ki yi magana, amma ki miƙa a rubuce. Ko jiha ta zartar, sai EPA ta amince kafin ya fara aiki a ƙarƙashin dokar tarayya, tana da kwana 60 ta yarda ko 90 ta ƙi, saboda haka ki aika kwafi ofishinta na shiyyarku. Tun gyaran 2015 kuma, ba ya isa jiha ta ce ba za a iya kai wa ajin sama ba, sai ta ɗora rafin a mafi girman abin da zai iya kaiwa.

Baban Sadiq:

Ƙari ɗaya, daga wanda ya zauna a kujerar ɗaya ɓangaren. In kin je taron majalisar gari, kada ki shiga kamar kin zo faɗa da su, yawancinsu kuɗin ne ya tsorata su. Ki tambaye su ko sun nemi rance mai sauƙin biya daga asusun tsaftar ruwa da aka kafa wa jihohi tun 1987, wanda wani lokaci ake yafe wa garuruwa marasa ƙarfi wani kaso. Ki tambaya ko sun nemi a ba su wa'adi su gyara matatar a hankali, ko sassauci na ɗan lokaci, maimakon a sauke rafin ɗungurungum. A jihohi da dama ma daga Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba kawai ake buƙatar kashe ƙwayoyin cutar, ba duk shekara ba, kuɗin bai kai yadda ake tsoratar da mutane ba. Ki nemi ma'aikacin matatar ku yi magana ido da ido, shi ya san adadin da yake fita daga bututun kowane wata, kuma rahoton nan ba sirri ba ne.