Zuciyata ta yi nauyi tun da na tare a Abuja, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni Kubwa. Maigidana yana fita da duku-duku saboda cunkoson hanya, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Bai rage ni da komai ba, alhamdulillahi. Amma na rasa gane kaina. A gidan yawa na taso, ko da yaushe da mai tsokanarka, nan kuwa daga ni sai bango. Ina idar da sallar asuba sai in koma gado, ba na tashi sai azahar ta gabato, labule a sauke, jiki a mace. In yi masa girki, ni in sha shayi kawai. Hawaye kan zubo mini ba wanda ya taɓa ni. Da dare barci ya ƙi zuwa, in yi ta latsa waya. Ba na son in faɗa wa Mama, hankalinta zai tashi. Me zan riƙa yi in ji sanyi a raina?

Wata 'yar uwa daga Kano:
Baiwar Allah, ki gode wa Allah. Wasu na can suna neman mijin ido rufe, ke kin samu mai riƙe ki kina kuka. Zaman banza ne ya yi miki yawa.

Wata Hajiya daga Zariya:
A'a 'yata, kada ki ƙara mata nauyi. Baƙin ciki ba rashin godiya ba ne. Annabi Yaƙub ya yi kukan rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, yana cikin Suratu Yusuf. Ke amarya, ki riƙe azkar na safe da yamma, ki lazimci "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan". In kin samu garin sha'ir ki dama talbina da madara da zuma, ya zo a hadisin Nana A'isha cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana rage baƙin ciki. Kuma ki ci abinci, shayi ba ya riƙe ciki.

Wata daga Legas:
Ƙawata, kamar labarina kike bayarwa. Da aka kawo ni Agege haka na zama. Abin da ya fara fitar da ni, na daina komawa gado bayan asuba. Ina sallamewa in gyara gadon, in ja zanin ya miƙe yadda zan ji ƙyashin sake hawa, in ɗage labule, in buɗe tagogi. Hantsi na fitowa in ɗauki kujera 'yar tsugunno in zauna a baranda, in tsince shinkafa ko in gyara alayyahu a nan. Sai in yi wanka, in sa atamfa mai kyau, in zizara kwalli, in turara ɗaki, ko ba mai zuwa. Farko kamar ana jan ki da igiya, kada ki jira sai kin ji sha'awa, ba za ta zo tana sallama ba. Sannan ki nemi Islamiyyar matan aure a unguwarku. Can na samu waɗanda yau nake kira 'yan uwa, har adashi muke yi.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Kaduna:
Maganar hantsin nan tana da tushe. Hasken safiya ne ke saita agogon jiki, shi ya sa mai wuni a duhu yake kasa barci da dare. Ki tsayar da lokacin tashi ɗaya, in za ki yi ƙailula kada ta yi tsawo. Shayi da goro da lemon kwalba mai baƙi suna hana barci, ki bar su daga la'asar. Wayar kuma ki sa ta caji a falo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar rabin awa sau biyar, ko zagaya unguwa ne ke da maƙwabciya. Amma ki ji ni da kyau: idan wannan hali ya kai mako biyu kusan kullum, ba ci, ba barci, ba abin da ke burge ki, to ki ga likita. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, ana maganinsa. A duba jininki ma, ƙarancin jini ko shigar ciki kan kawo kasala irin wannan. Kada ki sayi ƙwayar barci a kemis. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, yau ɗin nan za ki faɗa wa wani, a kai ki asibiti.

Wata daga Maraɗi:
Shi maigidan ya sani? Namiji in ya tarar da tuwo da zafi sai ya ɗauka komai lafiya. Ki zaunar da shi ran Asabar ki faɗa masa. Mama ma ki riƙa kiranta bayan la'asar, ki ce a sa wayar a tsakar gida ki ji hayaniyar yara.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti ta Kaduna, gaskiya ya wuce mako biyu nesa ba kusa ba. Zan yi masa magana yau in ya dawo, mu je asibiti. Don Allah in akwai 'yar Kubwa a nan da ta san Islamiyya ta safe, ta yi mini magana ta hannun shugabar zaure.