Taƙaitaccen bayani kan tace ruwa da gawayi

1. Mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu a wata tattaunawa kan tace ruwa da gawayi sun yarda cewa gawayin da aka sarrafa da tururi mai tsananin zafi, musamman na ɓawon kwakwa, yana kama wari da sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwan famfo, domin ƙananan ramukan jikinsa ne ke riƙe su.

2. An jaddada cewa ba ya kashe ƙwayoyin cuta, saboda haka tafasa ruwan rijiya wajibi ne.

3. Ra'ayi ya rabu kan gawayin girki: wasu na ganin ya fi babu, wasu kuwa sun ce ramukansa sun yi kaɗan, kuma hujjar waɗannan na biyun ta fi ƙarfi.

4. Idan ramukan suka cika, sai a sauya gawayin.