Fulorens da Hajiyarmu: mu kwana can ko mu je mu dawo?

Ummu Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiyarmu ta zo mana ziyara nan Bolonya a Italiya, ta kusa komawa Kano, ina so mu kai ta Fulorens ta ga gari. Lahadi da Litinin kawai maigida ke da hutu. Hajiya na fama da ciwon gwiwa, kuma ba ta cin abin da ba ta san asalinsa ba. Mu kama otal mu kwana, ko mu yi sammako mu dawo da dare, tunda jirgin ƙasa mai sauri bai kai minti 40 ba? Yuro 300 muka ware, mu uku, har da abinci.

Ɗan Torino: Wa alaikumus salam. Duk abin da za ku yi, ku hau kubbar babbar majami'arsu, Duomo. Tun 1436 aka gama ta, har yau masana gini na jinjina wa Brunelleschi da ya ɗora ta. Daga sama garin duka a tafin hannunka yake. Sai dai ku yanki tikiti ta intanet tun yanzu, kowa da lokacin da ake ba shi.

Maman Ilham: Malam, matakala 463 ce fa, babu na'urar hawa, ga lungu matsattse. Ta ce tsohuwa ba ƙafa. Ko so kake a sauko da Hajiya a goye?

Sadauki: Ku ware Litinin gaba ɗaya don gidan adana zane-zane na Uffizi, sannan ku wuce na Accademia ku ga mutum-mutumin David.

Maman Ilham: Dukkansu a rufe suke ran Litinin.

Baffa Naziru: Ni maganar abinci zan yi, don har yau abin na ci min rai. Na je da baƙo, ina so in fita kunyarsa. Muka shiga wani gidan abinci a bayan Duomo, na ga an rubuta gasasshen namansu da ake ta kururutawa, bistecca, yuro 6. Na ce to, ashe garin da sauƙi. Ban lura da ɗan ƙaramin rubutun da ke gefe ba, ashe kuɗin giram ɗari ne. Aka kawo wani ƙaton yanka da ƙashi a tsakiya, ya haura kilo. Waje ya yi baƙi, ciki jajir, kana sa wuƙa ruwa na bin faranti. Na ce a mayar a ƙara gasawa, mai kawo abincin ya kalle ni kamar na zagi kakansa. Da takarda ta zo, nama kaɗai yuro 72. Ga kuɗin zama da suke kira coperto, yuro 3 kowane kai, ga ruwan kwalba. Baƙon nan burodi ya yi ta ci, burodin ma babu gishiri ko ɗigo. Muka fito da yunwarmu muka nemi shagon kebab kusa da tasha.

Sadauki: Baffa, kilo guda na tsire a Kano da mutum nawa zai ci? 😂

Baffa Naziru: Ni dai ban juya kuɗin zuwa naira ba, ina tsoron hawan jini.

Ɗan Torino: Ba cutar ka aka yi ba, haka ake sayar da shi ko'ina a garin, da awo. Burodi marar gishiri kuma al'adar yankin ce. Ni na ci a yuro 45 kilo.

Hajjo Milano: 45 a wace shekarar? Bara ban ga ƙasa da 60 ba a tsakiyar gari. Coperto ma wani wurin 2, wani 4.

Ɗan Torino: Wanda ya je yawon kwana ɗaya bai kamata ya riƙa gyara wa mazauna ƙasa magana ba.

Hajjo Milano: Mazaunin Torino dai. Tsakaninka da Fulorens tafiyar awa uku ce. Ummu Hanif, saurare ni 'yar'uwa. Layin da za ki gani na masu sayen burodi da nama a ciki, kada ki bi, galibi alade ne: prosciutto, salame, porchetta, finocchiona. Ko a gidan burodi ki tambaya ko akwai strutto, kitsen alade ne. Abin da Hajiya za ta iya ci shi ne pappa al pomodoro, faten tumatir da burodi, ko ribollita, miyar wake da kabeji, amma ki tambaya ko sun sa nama. Gelato kuma, wato askirim ɗinsu, ki guji malaga da zabaione, akwai giya. Shayi ko kofi ku sha a tsaye a kanta, in kun zauna a kujerun dandali kuɗin ninkawa yake.

Sadauki: A kai ta kasuwar abinci ta Mercato Centrale ta ci lampredotto. Tumbin saniya ne a romo, sai ta ɗauka farfesun kayan ciki ne na gida.

Malam Bashir: Wa ya yanka saniyar?

Sadauki: Ahlul kitabi mana.

Malam Bashir: Ka tsaya a mayankar ka gani?

Mai kula da zaure: Don Allah a bar fatawa, kowa ya tambayi malaminsa.

Ummu Hanif: Na gode. Amma kwana ko dawowa? Kuma ina za mu yi salla?

Maman Ilham: Akwai masallaci wajen Piazza dei Ciompi, ba nisa da majami'ar Santa Croce. Ni da a ce ni ce, Lahadi kawai zan je. Ku ɗauki tasi zuwa dandalin Piazzale Michelangelo da ke kan tudu, shiga wurin kyauta ne, Hajiya na zaune za ta ga kubba da kogin Arno da gadoji. Ku sauko Ponte Vecchio ta ga shagunan gwal a kan gada. Otal na mutum uku zai cinye rabin kuɗinku, ga harajin kwana da ake karɓa daban.

Ɗan Torino: Rabi? Na samu ɗaki a yuro 80.

Hajjo Milano: A hunturu, kai kaɗai, hawa na huɗu.

Alhaji Sharaɗa: Tunda an ambaci Santa Croce, unguwar masu shagunan kayan fata, kada ku bari Hajiya ta sayi jakar fata a matsayin tsaraba. Ni a harkar nake. Fatar akuya da ta tumaki daga Kano ake jeme ta a Sharaɗa da Challawa, a loda zuwa Italiya, su ƙarasa ta, su buga tambarinsu. Na riƙe wata jaka a kasuwar San Lorenzo, mai shago ya ce yuro 150, na shafa na ce wannan ba mamaki jar akuyar Sakkwato ce.

Sadauki: Ta gane ka, Alhaji? Ta yi kuka?

Alhaji Sharaɗa: Kai wasa ka ɗauke shi. Masana'antun jima nawa suka rufe a Kano saboda rashin wuta? Dukawa na nan da hannunsu, babu injin ƙarasawa, babu jari.

Baffa Naziru: Ta shanun ma ai mun cinye ta ganda.

Hajjo Milano: Ba duk ta San Lorenzo ce fatar kirki ba, Alhaji. Kuma kada kowa ya sayi jabun jaka a hannun masu shimfiɗa a titi, mai saye ma tarar sa ake ci.

Ummu Hanif: Yanzu Hajiya ta ji ina karanta maganar fata, ta ce ita dai sai ta ga jakar da idonta. San Lorenzo ɗin akwai wurin zama?

Alhaji Sharaɗa: Ki ce ta duba ɗinkin ciki, ta sansana. In ta ji warin roba ta ajiye. Wa ke da labarin farashin fatar akuya a Kano wannan makon?