Me ya sa turjiya ta ragu da na ƙara rezisto?

Ɗan_Koyo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da rezisto biyu, ɗaya om 4, ɗaya om 12 (om shi ne ma'aunin turjiya, wato yadda abu ke tare wuta). Da na haɗa su a jere, wannan na bin wancan, mita ta nuna om 16. Wannan ban da ja. Amma da na haɗa su kafaɗa da kafaɗa, na murɗe ƙafafunsu biyu-biyu, sai ta nuna om 3. Yaya abin da aikinsa tare wuta za a ƙara masa ɗan'uwa, kuma turjiyar ta faɗo ƙasa da ta ƙaramin cikinsu? Ko mitar ce ta lalace?

Mai_Gyaran_Rediyo:
Wa alaikumus salam. Mitarka lafiyarta ƙalau, ƙanena. Ɗaki ne cike da mutane da ƙofa ɗaya. Ka buɗe ta biyu, komai ƙanƙantarta, ai fita sai ta ƙara sauri.

Ɗauka ka sa musu batir mai volt 12. A haɗin kafaɗa da kafaɗa kowanne yana samun volt 12 ɗin cif. Dokar Ohm ta ce raba volt da om ka sami karan, wato yawan wutar da ke gudana, da ake aunawa da amp: mai om 4 zai ja amp 3, mai om 12 ya ja amp 1. Batir na fitar da amp 4 ke nan. To raba 12 da 4, ga om 3 ɗinka. Ni in guda biyu ne ba na wahalar da kaina: ninka su, 48, raba da jimlarsu, 16.

A jere kuwa hanya ɗaya ce, karan ɗaya ke ratsa su, amp 0.75. Volt ne ke rabuwa, ƙaramin ya ɗauki 3, babban 9.

Hajiya_Fiziks:
Malam ya gama magana. Sai dai don Allah kada ka gwada wannan da batir na gaske. Amp 3 sau volt 12 wat 36 ne, alhali ƙananan reziston nan masu zoben launi galibi kwatan wat suke ɗauka. Nan take za ka ga hayaƙi. Nemi om 4,000 da om 12,000, lissafin bai canza ba, karan ɗin ne zai koma miliamp, wato ɗaya bisa dubu na amp.

Ɗan_Koyo:
Na gode ƙwarai. Ke nan shi ya sa in ƙwan fitila ɗaya ya mutu a gida sauran ba sa mutuwa?

Mai_Gyaran_Rediyo:
Shi ne. Kowane ƙwai da hanyarsa. Kuma duk abin da ka ƙara jonawa, karan ƙaruwa yake a babbar waya, har fis ya tsinke in kaya sun yi yawa.